A daina raina kwamfutar da ba ta da katin girafik

Akwai wata ɗabi'a da ta yi katutu a wannan zaure, kuma lokaci ya yi da za mu taɓa ta. Duk sa'adda wani yaro daga Kurfi ko ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ya tambaya wace kwamfuta zai saya da 'yan kuɗinsa, ya yi karatu da ita, ya ɗan buga gem da yamma, kafin ka ƙifta ido an rufe shi da amsa iri ɗaya: "In babu katin girafik, kada ka ɓata kuɗinka." Galibin masu faɗin haka a YouTube suka ji, daga bakin Bature mai wutar da ba ta ɗaukewa da ɗaki mai na'urar sanyi. Mu muna ganin wannan shawara tana cutar da mutanenmu. Ga wanda ke zaune tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, girafik ɗin da ke cikin furosesa ya wadatar, matuƙar ya san wanda zai zaɓa.

Mu fara da abin da masu gardama ba sa son a tuna musu. PS4 ɗin da ake layi a kanta a shagunan gem, wadda ta fito a 2013, ba ta da wani kati na daban. Guntu ɗaya ne na kamfanin AMD ke ɗauke da furosesa da girafik a haɗe. Haka PS5 ta 2020, haka Steam Deck ta 2022, wadda guntunta bai wuce cin wat 15 ba. Kenan haɗa su wuri ɗaya ba aibi ba ne. Za su ce ai PS4 tana da ma'adana mai gudun tsiya, kuma gaskiyarsu ce. Tata tana kai gigabait 176 a daƙiƙa. To a nan ɗin ne maganar take, kuma nan ne 'yan kasuwa ba sa son mai saye ya leƙa.

Girafik na cikin furosesa ba shi da ma'adanar kansa, ram ɗin kwamfutar yake ara. Sandar ram ɗaya ta DDR4 mai lamba 3200 tana iya tura kimanin gigabait 25 a daƙiƙa. In aka sa sanda biyu masu kama da juna, hanya ta zama biyu, gudun ya haura 50. Shi ya sa kwamfuta mai gig 8 a sanda guda take cije-cije a gem ɗin da 'yar uwarta mai gig 4 sau biyu take tafiyar da shi lafiya. Yawancin laftof 'yan kwatano da ake kawowa daga Farm Centre da titin Beirut a Kano, ko daga Ikeja, da sanda ɗaya suke zuwa, ɗaya ramin kuma wayam. Yaro ya kunna PES ya ga 'yan wasa suna tafiya kamar masu ciwon ƙafa, sai a ce masa ai don babu kati ne. Alhali sandar ram ta biyu, wadda kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin kati ba, ita ce maganin rabin ciwon. (A duba kafin a biya, don wasu siraran laftof ram ɗinsu a liƙe yake, babu ramin ƙari.)

Sannan wane irin kati ake cusa wa mutane da sunan kati? Ku je ku gani. GT 710 ne, ko GT 730, da takarda a jiki an rubuta 2GB da manyan baƙaƙe. A laftof kuma 920M ko MX110. Vega 8 da ke cikin Ryzen 3 2200G, furosesar da ta fito tun 2018, ta ninka GT 710 ƙarfi nesa ba kusa ba. Wancan 2GB girman rumbu ne kawai, ba ya faɗin ƙarfin injin da ke ɗiba daga cikinsa. Akwai ma katunan jabu da ake rubuta wa GTX 1050 Ti alhali tsohon GTS 450 ne aka sauya wa suna a ciki. Akwai kuma waɗanda suka shekara da shekaru suna haƙar kuɗin kirifto dare da rana, aka zubo su kasuwa bayan Ethereum ta daina wannan tsari a watan Satumba na 2022. Wanda ya sayi irin wannan a Kano, ya hau mota ya dawo Kurfi, ranar da fankarsa ta tsaya wa zai kama?

Ga kuma wuta. Katin RX 580, wanda aka fi yabawa a cikin masu araha, shi kaɗai an ƙiyasta masa wat 185. Ryzen 5 5600G ta 2021, furosesa da girafik gaba ɗaya, wat 65 aka rubuta mata. Mai shagon gem da ya jera kwamfuta huɗu masu RX 580 ya ɗora wa janaretarsa wat 740 na katuna zalla, ba a zo kan allo da fanka da sauran kayan ciki ba. Kowa ya san yadda litar fetur ta koma tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023. Mai ƙaramar sola da batir ɗaya kuwa, lissafinsa ya fi haka tsanani, domin kowane wat da kati ya sha, daga hasken ɗaki da cajin waya aka zare shi. Duk wutar da kati ya ci kuma zafi take komawa. A watan Afrilu, da ma'aunin zafi ke haura 40 a yankinmu, ƙarƙashin rufin kwano, bayan ƙurar hunturu ta gama toshe fanka, ku faɗa mana wace kwamfuta ce za ta fi daɗewa.

Ba mu ce kowane girafik na ciki daidai yake da ɗan uwansa ba, kuma kada wani ɗan kasuwa ya ɗauki rubutun nan ya je yana tallar gawa da shi. Intel HD 4000 ta 2012 ta tsufa. Za ta ɗauki GTA San Andreas da Need for Speed Most Wanted na 2005 da tsofaffin PES, daga nan sai haƙuri. UHD 620 da ke cikin Core i5 zubi na takwas tana buga PES 2017 in an rage ƙyale-ƙyale, GTA V kuwa da ƙyar da jiɓin goshi. Daga Vega na Ryzen da Iris Xe na Intel zubi na 11, wanda ya fito a 2020, nan ne magana ta canza: GTA V yana tafiya sumul a 720p, PES 2021 ma haka. Waɗannan kuwa su ne gem ɗin da ake bugawa a garuruwanmu, waɗanda ake turawa juna ta filas saboda babu mai datar sauke gig 100.

Ga wanda ransa ya kafe kan FIFA 23, mu gaya masa gaskiya. Masu FIFA 23 da kansu sun rubuta cewa mafi ƙarancin abin da take so shi ne GTX 1050 Ti ko RX 570. Girafik na ciki mai araha zai sha wuya a nan. Amma ko shi ɗin, PS4 ta hannu za ta fi yi masa sauƙi da kwanciyar hankali fiye da harhaɗa kwamfuta mai kati. Mai aikin tace bidiyo mai nauyi ko zanen gine-gine, wannan sana'a ce, lissafinsa daban.

Abin da ke ƙona mana rai shi ne kuɗin da ake wasa da su. Laftof ɗin ɗalibin Isa Kaita ko na jami'a, sau da yawa buhunan gero da wake aka sayar, ko uwa ta kai tunkiyarta kasuwa. Da ita zai rubuta furojet, ita zai riƙe shekara huɗu. In muka zuga shi ya bi takardar NVIDIA, zai ƙare da tsohuwar na'ura zubi na huɗu ko na biyar, mai mataccen batir, mai zafi kamar dutsen guga, don kawai a ce tana da kati. Ga shi Microsoft ta sa 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na takwas na Intel take farawa. Da kuɗin nan guda zai iya samun Core i5 zubi na takwas ko Ryzen 5, ya sa SSD, ya cike ramin ram na biyu, ya ba mai gyara ya share ƙura ya sauya man sanyaya furosesa.

Don haka daga wannan mako, duk wanda zai ba da shawara a zauren nan, don Allah ya fara tambayar mai tambaya abu uku: wane gem yake bugawa, awa nawa yake samun wuta, kuma nawa ne a hannunsa. Wanda kuma ya dage sai an sayi kati, ya kawo sunan katin da lambarsa da wat ɗin da yake ci a ƙarƙashin wannan rubutu, mu zauna mu yi lissafin tare.