Filin Matafiya: Yini Guda a Kasuwannin Abinci na Osaka

A wannan wata za mu leƙa birnin Osaka na ƙasar Japan, domin mu amsa tambayar da 'yan'uwanmu masu zuwa can sayen motoci da kayan gyaransu suka sha yi, wato shin mutum zai iya cin abincin mutanen nan kuwa, ko dole ya cika jaka da garin rogo da kilishi? Amsar ita ce zai ci har ya ƙoshi, muddin ya san abin da zai tambaya kafin ya kai loma baki.

Osaka dai tun zamanin da ake yi mata kirari da madafar ƙasa, saboda nan ne babbar kasuwar shinkafa ta Dojima ta kasance a wancan zamani. Mutanenta suna da wata kalma, kuidaore, wato mutum ya yi ta ci har ya talauce.

Da safe a masauki, abin da aka kawo mini shi ne farar shinkafa ba mai ba gishiri, da gasasshen kifi, da romo mai zafi, da wani ɗan akushi na waken suya mai yauƙi da ake kira natto. Baƙi da yawa da sun ji warinsa sai su kau da kai. Ni kuwa ina shinshinawa na ce ai wannan ɗan'uwan daddawa ne. Haka abin yake, domin irin ƙwayar halittar da ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa, ita ce ke ruɓar da waken nan. Abin dariya ma, su kansu mutanen Osaka ba su cika sonsa kamar mutanen Tokyo ba. Kuɓewa ma suna cinta, suna kiranta okura. Wanda ya tashi da miyar yauƙi ba zai sha wahala ba.

Da hantsi na nufi kasuwar Kuromon, inda masu kifi ke jere dama da hagu. Nan na tarar da mai suyar takoyaki. Tandarsa ta ƙarfe ce mai ramuka, sak irin ta waina, sai dai ramukan sun fi ƙanƙanta. Yakan zuba ƙullun alkama, ya jefa gutsuren wata halittar teku mai hannuwa takwas da suke kira tako, ya yi ta juyawa da tsinke har ya dunƙule. Wani mutum mai suna Tomekichi Endo ne ya fara wannan suya a Osaka a 1935. Da yawa daga cikin takon da Japan ke ci daga tekun Muritaniya da Maroko ake kai shi. Mu mabiya mazhabar Malikiyya ba mu da damuwa da shi, domin abin da ke cikin teku halal ne. A dai yi hattara, cikinsa wuta ne ko da bayansa ya huce.

Da rana na shiga gidan sushi, wato dunƙulen shinkafa da yankan kifi a kai, yawanci ɗanye. Faranti-faranti ne ke zagayawa a kan wani bel a gaban masu ci, kowa ya ɗauki wanda ya yi masa, a ƙarshe a ƙirga farantansa ya biya. Yoshiaki Shiraishi ne ya buɗe irin wannan gida na farko a 1958 a gabashin Osaka. A shekarar kuma Momofuku Ando ya ƙirƙiro taliyar nan ta leda mai saurin dahuwa a garin Ikeda da ke kusa, wadda yau yaranmu ba sa rabuwa da irinta.

To, yanzu ga inda gizo ke saƙa. Abin da ido ke gani a faranti ba shi ne matsala ba, matsalar tana cikin romo da miya. Taliyar ramen sau da yawa da ƙashin alade ake dafa romonta. Okonomiyaki, wato wainar alkama da kabeji da Osaka ke taƙama da ita, da yankan naman alade aka saba soya ta. Akwai kuma mirin, wani ruwan shinkafa mai zaƙi da ke ɗauke da barasa, wanda ake sa wa miya iri-iri. Sai a kiyaye wannan: kalmar buta, wadda a wurinmu ita ce ta alwala, a bakinsu sunan alade ne. In mai abinci ya ce buta, to a ja da baya. Dabarar ita ce a sa wani a masauki ya rubuta wa mutum da rubutunsu cewa ba ya cin alade, ba ya shan barasa, ya riƙa nuna takardar. Matambayi ba ya ɓata.

Da almuru na gangara Dotonbori, titin da ke gefen ruwa, inda fitilu suka mai da dare rana. Bayan na nuna takardata, na sami taliyar udon mai kauri a romon ganyen teku da busasshen kifi. Ɗanɗanon romon nan ba baƙo ba ne a harshenmu. A 1908 wani masani, Kikunae Ikeda, ya gano sinadarin da ke ba ganyen tekun daɗi, daga nan aka fara yin Ajinomoto, wanda matanmu ke kira farin magi.

Ladubban ci kuwa kaɗan ne. Kurɓar taliya da ƙara ba abin kunya ba ne. Ba a soka tsinkayen ci a tsaye cikin shinkafa, domin haka ake yi wa mamaci. Ba a kuma bar wa mai hidima tukwici. Wanda ke son naman yanka na halal ya hau jirgin ƙasa zuwa Kobe, tafiyar kamar rabin sa'a, inda akwai masallacin da aka buɗe tun 1935, da shagunan Musulmi a kewayensa.

Wanda ya taɓa zuwa wata ƙasa ya ci abin mamaki, ya rubuto mana mu buga. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.