Nadama mai amfani ita ce wadda ta zo da sauran lokaci



An gama girbin hatsi, ƴan cirani sun kama hanyar Agadas, Kano da Libiya. Neman halal ibada ne. Sai dai kuɗin da ake aikowa gida rumbu suke cikawa, ba su koya wa yaro alwala.

Ni kaina shaida ne. Shekarun da na yi ina yawon wa'azi gari gari, babban ɗana a bakin maƙwabci ya koyi Fatiha. Har yau abin yana ci mini rai.

Bukhari ya ruwaito cewa Salmanul Farisi ya tarar azumi da tsayuwar dare sun shagaltar da Abu Darda'i daga matarsa, sai ya tunatar da shi haƙƙin iyali, Annabi (SAW) kuwa ya gaskata Salmanu. Idan nafila ba ta zama uzuri ba, ina ga kasuwa?

Malamai sun ce tuba daga tauye haƙƙin mutum ba ta cika da nadama kaɗai, sai an mayar masa da haƙƙinsa. Saboda haka matafiyi ya yanke ranar dawowa, ya kuma cika. Mazaunin gida ya rufe shago da wuri, ya ci tuwon dare da ƴaƴansa.

Allah ya ba mu ikon gyarawa tun muna numfashi.