Kafin ka sa ƙoto a ƙugiya, tambayi daga ina ruwan ya fito

Kwanan nan bidiyoyin kamun kifi sun cika TikTok. Bature ne a Amurka cikin ɗan kwalekwalen roba mai cin mutum ɗaya, ya kutsa gaɓar teku da filafilinsa, ya ciro kifi ƙato. A ƙasan bidiyon kuma sai ka ga samarinmu na Kano suna rubuta "wallahi sai na gwada." Ni ban ga laifin sha'awar ba, ta fi zaman majalisa. Sai dai mu ba mu da teku, dam gare mu, kuma ba kowane dam ne ya kamata a ci kifinsa ba.

Mu 'yan Dakata mun san warin ruwan da ke fitowa daga Bompai. Rafin Getsi ne ke kwasarsa ya haɗe da Jakara, su zube a dam ɗin Wasai. Ta kudu kuma, dattin Sharada da na kamfanonin jimar fata na Challawa a kogin Challawa yake ƙarewa. Ana jima da sinadarin kromiyam, kuma irin waɗannan ƙarafa ba sa narkewa su ɓace. Suna kwanciya a taɓon ƙasa, daidai inda tarwaɗa ke kiwo, su taru a jikinta. Suya ba ta cire su, yaji ma haka. Mai son kamu don ci, gara ya kashe kuɗin mota ya tafi Tiga, wanda aka kammala a 1974, ko dam ɗin Challawa na Ƙaraye. Sunan kada ya ruɗe ka: shi yana can sama, ruwansa bai kai ga masana'antu ba tukuna.

In ka je, fara da gaida sarkin ruwa da masuntan wurin. Su suka san inda kututturen itatuwan da ruwa ya shanye suke, da inda suka shimfiɗa kalli, kuma yanke wa mutum raga rigima ce babba. Maganar ƙoto ba ta da tsada. Karfasa tana son tana ko dusa da aka cuɗa, kusa da ciyawa, da sassafe. Tarwaɗa kuwa wari take bi, don haka hanjin kaza ya ishe ta, a bar shi ya nutse ƙasa da yamma. Wannan kifin robar mai walƙiya da ake talla a intanet, ajiye kuɗinka.

Wajen shiga ruwa ne ake wasa da rai. Ka sa hancin kwalekwale ya fuskanci igiyar ruwa, kada ta buge shi ta gefe. Taka tsakiya, zauna nan take, kuma kada ka miƙe tsaye don ɗaukar hoto. Ka fita kana fuskantar iska tun kana da ƙarfi, don ta turo ka gida lokacin da hannu ya gaji. Da damina, da ka ga hadari ya haɗo daga gabas, juyo. Rigar kariya kuma a jiki take amfani, ba a ƙarƙashin mazauni ba. Kano ba ta manta da 30 ga Nuwamba 2021 ba, ranar da jirgin ruwa ya kife a Bagwai da ɗaliban Islamiyya, kuma dam ne, ba teku ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne mai sha'awa yana iya zaɓar Tiga, amma masuncin Wasai ba shi da zaɓi, kuma kifinsa kasuwanninmu yake shigowa. Hukumar NESREA na da dokar da ta wajabta wa masana'antu tace ruwansu kafin su sake shi. Wayoyin da muke kallon Bature da su suna iya ɗaukar launin ruwan Getsi, da kwanan wata da sunan wurin, a tura wa hukumar da ma'aikatar muhalli ta jiha.