A Auna Yaro Kafin A Auna Magani

Duk shekara in damina ta kankama, zazzaɓin cizon sauro yakan cika Babban Asibitin Gaya da ɗakunan magani na ƙauyukan Ajingi da yara. A irin wannan lokaci layi yakan yi tsawo, ma'aikata su yi kaɗan, har wani malamin asibiti ya dubi yaro da ido kawai ya ƙiyasta masa magani. To, wannan al'ada ita muke roƙo a bari, domin ido ba mudu ba ne.

Maganin yaro bisa nauyinsa ake ba da shi. Ƙwayar Coartem, alal misali, guda 1 ce ga mai kilo 5 zuwa 14, guda 2 ga mai kilo 15 zuwa 24, a sha sau biyu a yini har kwana 3. In an rage, cuta ta kwanta ta sāke tashi. In an ƙara, an ɗora wa ɗan jiki abin da ya fi ƙarfinsa.

Allurar artesunate, wadda ake yi in zazzaɓi ya tsananta, ta fi wannan bukatar natsuwa. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaron da bai kai kilo 20 ba a ba shi miligiram 3 a kan kowane kilo. Watau mai kilo 12 rabonsa miligiram 36 ke nan. In an haɗa ruwan allurar domin tsokar cinya, kowane mililita yana ɗauke da miligiram 20, saboda haka mililita 1.8 za a zuƙa. Jama'a, ku dubi ɗigon nan da ke tsakanin 1 da 8: ran ɗan mutum yana rataye a kansa.

Lalle ne nas ya tabbatar da abu biyar kafin ya miƙa hannu: mai maganin, da maganin, da yawansa, da hanyar ba da shi, da lokacinsa. Ya karanta sunan da ke jikin kwalba da ranar lalacewarsa, sa'an nan ya rubuta abin da ya bayar nan take. In rubutun likita ya shige masa duhu, ya koma ya tambaya, gama matambayi ba ya ɓata.

Amma fa nauyin bai tsaya kan nas kaɗai ba. Ku malaman ofis masu tsara sayayya, kada ku bar ɗakin magani ko ɗaya ba sikeli mai aiki da littafin rajista. Mu kuma malaman makaranta, mu sani yarinyar da ta bar ajinmu ba ta iya lissafin ɗigo ba, wata rana ita za ta riƙe sirinji a kan jikokinmu. Mu tsaya mata yau har ta iya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.