Gizon Amurka da aka tayar sau uku

Masu karatu, ko yaran dandalin Matamaye sun san cewa maganar da baki ke tsoron faɗa wa sarki, a bakin Gizo ake sa ta. Dabarar da marubuci Rod Serling ya yi ke nan a Amurka. Da masu biyan kuɗin talla suka riƙa datse rubutunsa kan wariyar launin fata, sai ya mai da zancen bakin halittun wasu duniyoyi. Haka shirin talabijin The Twilight Zone, wanda Faransawa ke kira La Quatrième Dimension, ya fito a tashar CBS daga 1959 zuwa 1964: kashi 156, kowane da labarinsa, 92 daga alƙalaminsa.

Bayan rasuwarsa a 1975, sau uku ana tayar da shirin. Na 1985 ya kai 1989, a Kanada aka ƙarasa ɗaukarsa. Na 2002 shekara guda ya yi. Na 2019, na Jordan Peele, a kashi 20 ya tsaya. Na'urori sun ƙaru, amma babu wanda ya kamo ƙafar na farko.

Masu shirya fim na ƙasarmu, ku lura: tatsuniya tana daɗewa ne in akwai gaskiya mai ɗaci a cikinta.