SUNAN MAƘERI A ƘASAR JAMUS DA SAURAN ƘASASHE

 A wannan mako ina so in ja hankalin 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta zuwa ga wani suna wanda ya cika ƙasar Jamus, watau Schmidt, ana faɗinsa kamar Shimit. Ma'anarsa maƙeri.

A dā Jamusawa suna ɗaya kowa yake da shi, kamar yadda muke. Amma tun daga ƙarni na 12, da birane suka yi girma, sai ka iske masu suna Hans sun yi yawa a unguwa guda, dole aka shiga rarrabe su da laƙabin sana'a. Sannu a hankali laƙabin ya liƙe wa gida duka, ɗa ya gāda, jika ya gāda. Don haka sunayen da suka fi yawa a Jamus duk na sana'a ne: na farko Müller, mai injin niƙa, na biyu Schmidt, sa'an nan Schneider, maɗinki, da Fischer, masunci, da Weber, masaƙi. Maƙeri kuwa ya sami wannan matsayi domin babu ƙauyen da zai zauna ba shi. Shi ke yin garma, da gatari, da takalmin doki, da takobi.

To, abin lura shi ne ba Jamusawa kaɗai suka yi haka ba. Smith, wanda ya fi kowane suna yawa a Ingila da Amurka, tushensa ɗaya da Schmidt. Mutanen Faransa suna da Lefebvre da Fabre, daga kalmar Latin faber. A Italiya akwai Ferrari, daga sunan ƙarfe. Ashe motar tseren nan da Enzo Ferrari ya sa wa sunansa, sunan maƙeri take ɗauke da shi. A Polan Kowalski, a Hungari Kovács, a Rasha Kuznetsov, a ƙasashen Sham da Labanan kuma Haddad, daga hadid, ƙarfe da Larabci. Harsuna dabam-dabam, amma duk bakin maƙera ɗaya suka zauna.

Wani kuma sunan har yana bayyana irin ƙirar. Goldschmidt maƙerin zinariya ne, kamar maƙerin farin namu. Messerschmitt mai ƙera wuƙa ne, kuma wani mai wannan suna, Willy Messerschmitt, shi ya ƙera jiragen saman yaƙin da suka kai wa Ingila hari a 1940. Helmut Schmidt kuwa ya riƙe gwamnatin Jamus ta Yamma daga 1974 zuwa 1982, bai sauya sunan kakanninsa don ya hau mulki ba.

Yanzu ga wurin da maganar ta shafi masu alƙalami. Sunan nan ɗaya ne, amma ana rubuta shi Schmidt, da Schmitt, da Schmid, da Schmitz. Schmid ya fi yawa a kudu, Schmitz kuma a bakin kogin Rhine, wajen birnin Kolon, ma'anarsa ɗan maƙeri. Bambancin ya fito ne daga karin harshen kowane yanki, da kuma hannun marubuta, gama limaman coci da magatakardan birni kowa yadda kunnensa ya ji haka ya rubuta. Sai a 1876 gwamnati ta karɓi rajistar haihuwa da aure da mutuwa a duk ƙasar, yadda aka iske sunan gida a rubuce kuwa galibi haka ya zauna. Waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka kuma da yawa suka mai da Schmidt ya zama Smith, Müller ya zama Miller, balle a 1917 da Amurka ta shiga yaƙi da Jamus, sa'ad da sunan Bajamushe ya zama abin zargi. Da haka jikoki da dama suka ɓace wa asalinsu.

A nan ƙasarmu al'amarin ya juya. Mu sana'ar ake gado, laƙabin kuwa yakan mutu da mai shi, sai dai ya saura a sunan unguwa, kamar Maƙera ta Kaduna, ko a sarauta, kamar Sarkin Maƙera. Su kuwa sunan suke gado, ko da babu wanda ya taɓa zuga a gidan tun shekara ɗari biyar. Amma a ganina mun kama hanyarsu, tun da makaranta da ofis suna neman suna na biyu a kowace takarda, kuma abin da ya shiga rajista yana da wuyar fita.

Saboda haka ina da roƙo biyu. Na farko ga akawuna da malamai: in za ku rubuta sunan mutum, ku tambaye shi, ku maimaita masa, kada ku dogara ga kunne kaɗai, don harafi ɗaya yakan sa ɗa ya sha wahala wajen karɓar haƙƙin ubansa. Na biyu ga samari masu ilmi: wanda ubansa maƙeri ne, ko majemi, ko marini, kada ya ji kunyar a kira shi da haka. Gado ba abin ɓoyewa ba ne, kuma garmar da ta ciyar da mu duka daga maƙera ta fito.

Iyakar maganata ke nan. Sai mako mai zuwa.

Naku,
Akawu.