Ita ma na'urar, rubutun jikin kwalba take bi

Da yawanmu mun fara tambayar Meta AI da ke cikin WhatsApp, ko ChatGPT, abubuwan gida: girki, aikin makarantar yara, har ma da magani. Yanzu kuma kamfanoni suna fito da wani sabon salo da suke kira wakili. Wannan ba amsa kawai yake ba ki ba, aiki yake yi miki. Zai duba kalanda, ya yi lissafi, ya bincika intanet, ya cike fom.

Wakilin ba da kansa yake yin waɗannan ayyuka ba. Ƙananan manhajoji ake haɗa masa, kowace da ɗan bayani a rubuce: ga abin da take yi, ga lokacin da za a kira ta, ga abin da za a saka mata. Ba ya ganin cikin manhajar. Bayanin kawai yake karantawa, kamar yadda kike karanta jikin kwalbar magani ba tare da kin san yadda aka haɗa shi ba. A watan Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da wani tsari mai suna MCP don haɗa irin waɗannan kayan aiki da wakilai, sauran manyan kamfanoni kuma suka karɓa.

Mu ma'aikatan jinya mun san nauyin gajeren rubutu. Mai aikin dare ba ta ga abin da ya faru da rana ba, takardar miƙa aiki kawai take da ita. Idan an rubuta lamba babu ma'auni, dole ta tsaya ta tambaya.

Ɗauki farasitamol na yara. Da nauyin yaro ake auna shi, miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo. A ce akwai manhajar lissafin magani, bayaninta ya ce “saka nauyin yaro” kawai. Mu da kilo muke awo, a Amurka kuma iyaye da laba suka saba, kilo ɗaya kuwa laba 2.2 ne. Idan manhajar laba take jira, wakili ya saka mata 10 na yaro mai kilo 10, za ta ɗauke shi jariri mai kilo huɗu da rabi, ta ba da ƙasa da rabin abin da ya kamata. Idan aka juya lamarin, sai ta ba da fiye da ninki biyu, farasitamol da ya yi yawa kuma hanta yake lalatawa. Ga kuma ƙarfin ruwan maganin: wata kwalba miligiram 120 ce a mililita 5, wata 250. Lissafin manhajar daidai ne, kuma amsar za ta fito a tsare, cikin ladabi, babu alamar shakka.

To, ta yaya ake gane bayani mai kyau? Gwaji ake yi. A ba wakili tarin ayyuka, a ƙirga sau nawa ya zaɓi kayan aikin da ya dace, sau nawa ya saka bayanai daidai. Sai a gyara jimla ɗaya a bayanin, a maimaita, a ga ko an samu bambanci. Masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun buɗe irin wannan ma'auni a 2024. Abin da ya fi burge ni a ciki shi ne, suna duba ko wakilin ya san lokacin da bai kamata ya taɓa wani kayan aiki ba. A wurina wannan ne babba. Sabuwar ma'aikaciya da ta ce “ban gane ba, wane ma'auni ne?” ta fi mini wadda ta yi shiru ta cika sirinji.

Sai dai waɗannan gwaje-gwaje galibi da Turanci ake yinsu. Ke kuwa da Hausa za ki rubuta, ki ce cokali ɗaya, alhali cokulan gidajenmu ba girmansu ɗaya ba.

Don haka idan kin tambayi na'ura, faɗa mata nauyin yaron da kalmar kilo, ki rubuta ƙarfin maganin kamar yadda yake a jikin kwalba, sannan ki ce ta nuna miki yadda ta yi lissafin. Idan ta ba ki adadi ba ta tambayi nauyi ba, ajiye wayar. Kowace lamba ta fito, kafin ta shiga bakin yaro ki nuna wa likita, ma'aikaciyar jinya ko mai haɗa magunguna, ki kuma auna da ɗan kofi ko sirinjin da ya zo da maganin.